Yadda Ake Jinyar Animonin Teku Marar Lafiya a Tankin Ruwan Gishiri

Animonin teku dabba ne, ko da yake ido na ganinsa kamar fure. Ɗan'uwan murjani ne, sai dai shi ba shi da ƙashi ko ɓawo, kusan duk jikinsa ruwa ne. Yana da tafin ƙafa da yake manne wa dutse, da gangar jiki, da faifan baki wanda yatsu masu harbi suka kewaye. Kafa ɗaya ce tak a jikinsa, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma ƙazanta ke fita. A cikin namansa akwai wasu gansakuka 'yan mitsi-mitsi da masana ke kira zooxanthellae. Su ne ke karɓar haske su haɗa sukari su ciyar da shi, su ne kuma ke ba shi launin ƙasa-ƙasa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa ya gane rabin ciwon animoni, domin kusan kowace matsala daga ɗayan huɗu take fitowa: ruwa, haske, rauni, ko ƙwayoyin cuta. Uku na farko haƙuri suke so da ƙarancin taɓawa. Na huɗun kuwa gaggawa yake so. Aikin mai jinya na farko shi ne ya tantance wanne yake fuskanta.

Lafiyarsa lau, ko ciwo ne da gaske?

Masu kiwo da yawa kan firgita ranar da suka ga animoni ya sace ya zama ɗan ƙullutu, yatsunsa sun zama kamar zare. Sau da yawa ba komai ba ne. Yakan fitar da ruwan jikinsa don ya sauya sabo, ko don ya zubar da ƙazanta bayan ya ci abinci, ko bayan an kashe fitila. Idan ya sake kumbura cikin 'yan sa'o'i, bakinsa a tsuke, ƙafarsa a manne, ka ƙyale shi. Haka nau'in Entacmaea quadricolor, mai yatsu masu kumburin kai, yakan rasa wannan kumburin ya miƙe yatsu dogaye ba tare da wani ciwo ba.

Alamun da ya kamata su tayar maka da hankali su ne waɗannan. Baki ya hangame ya ƙi rufuwa, har ana hango cikinsa. Sacewa ta wuce yini guda, ko kuma yana sacewa yana kumbura kullum, kuma kowace rana girman da yake dawowa bai kai na jiya ba. Ƙafa ta saki dutse yana gangarawa duk inda ruwa ya kai shi. Yatsu sun daina danƙo, abinci na zamewa daga kansu. Launi ya koɗe ya koma fari ko ya zama ana gani ta cikinsa. Fararen zaruruwa masu murɗewa suna leƙowa ta baki ko ta jikin ganga, waɗannan kayan cikinsa ne. Mafi muni shi ne nama ya fara saɓulewa.

Ka ɗauki hoto sau biyu a rana, a lokaci ɗaya kuma ƙarƙashin haske iri ɗaya, fari ba shuɗi ba. Shuɗin haske yana ɓoye koɗewa, ido kuma yana mantuwa. Hotunan kwana uku a jere sun fi duk wani hasashe.

Fara da ruwa

Kafin ka taɓa animonin, ka gwada ruwa, kuma ka rubuta abin da ka samu. Ga iyakokin da ake so:

Gishiri: 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, wato kimanin 35 ppt (kashi 35 na gishiri cikin dubu).
Zafi: digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos, kada ya yi lilo fiye da digiri 1 a yini.
pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: 8.0 zuwa 8.4.
Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami hauhawa: 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH, a tsaye wuri ɗaya.
Amoniya da NO2 (naitirait), gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi da ruɓewar abinci: sifiri.
NO3 (naitiret), abin da bakteriyar tanki ke mayar da waɗancan biyun: tsakanin 2 da 10 ppm, wato kashi cikin miliyan.
Fosfet: 0.03 zuwa 0.1 ppm.

Gishiri ne ya fi yaudarar mutane. Ma'aunin roba mai allura yakan yi kuskure, musamman idan kumfa ta maƙale wa allurar. Rifraktomita, na'urar auna gishiri da ake ɗiga wa ruwa a duba ta haske, ya fi, amma shi ma sai an saita shi da ruwan gwaji na 35 ppt. Tunda animoni jakar ruwa ne, duk sauyin gishiri a tanki kai tsaye yake shiga namansa. Idan ka tarar gishirin ya kauce, kada ka gyara shi a zama ɗaya, 0.001 a rana ya isa. Ka tuna kuma ruwan da ya ƙafe ya bar gishirinsa a baya, saboda haka da ruwan daɗi tatacce ake cike gurbinsa. Mai cikawa da ruwan gishiri yana ƙara wa tankinsa ƙarfi ne kullum bai sani ba.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin hita. Sa ma'aunin zafi na daban. Zafin da ya haura digiri 29 na kwanaki yana sa animoni ya kori gansakukan jikinsa. Idan tankin ya yi zafi, buɗe murfi ka sa fanka ta hura saman ruwan, sannan ka lura da gishiri domin ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri.

Ana yawan zaton ruwan da ba NO3 ba fosfet shi ne ruwa mafi kyau. Ga animoni ba haka ba ne. Gansakukan cikinsa suna bukatar kaɗan daga waɗannan sinadarai, idan babu ko kaɗan sai ya dusashe. Idan gwaji ya nuna sifiri a duka biyun, ka rage kayan tsotse fosfet, ka ƙara wa kifi abinci kaɗan.

Akwai abin da gwajin yau da kullum ba ya nunawa: jan ƙarfe. Maganin kifi mai jan ƙarfe guba ne ga animoni ko da ɗigo ne, kuma dutse da yashi suna riƙe shi su riƙa sakinsa daga baya. Ka bincika ko an taɓa sa irin wannan magani a tankin. Duba maganaɗisun famfon da ke motsa ruwan tanki da na goge gilashi ko sun fashe sun yi tsatsa. Tuna ko an fesa turare ko maganin sauro kusa da tankin, ko an tsoma hannu da sabulu ko man shafawa. Ruwan haɗin gishiri ya zama wanda ya bi ta na'urar tacewa ta RO/DI, ma'aunin TDS, mai auna abubuwan da suka narke a ruwa, na nuna 0.

Idan wani abu ya kauce, ko ma kana zargi kawai, sauya kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ruwan da sabo wanda aka haɗa tun jiya, gishirinsa da zafinsa daidai da na tanki. Maimaita bayan kwana biyu. Sa sabon gawayin tace ruwa da aka ɗauraye. Sauyi ƙanana a jere ya fi babba guda ɗaya, sai dai in akwai amoniya ko guba, a nan kam babban sauyi dole ne.

Shekarun tankin ma abin dubawa ne. Tankin da bai kai wata 6 ba yawanci bai daidaita ba, ko da gwaji ya fito da kyau a ranar da aka yi shi. Wanda ya sa animoni a tanki ɗan wata biyu ya ga yana ramewa, mafi alheri shi ne ya miƙa shi ga wani mai tsohon tanki ya riƙe masa.

Koɗewa da yadda ake dawo da launi

Animonin da ya koma fari tas ya rasa kusan duk gansakukansa, wato ya rasa babbar hanyar abincinsa. Bai mutu ba, amma yunwa yake ji, kuma zai riƙa cin jikinsa yana ƙanƙancewa. Nau'in Heteractis crispa sau da yawa a haka ake sayar da shi, fari mai ɗigon shunayya a kan yatsu, mai saye ya ɗauka launinsa ke nan. Lafiyayyensa ƙasa-ƙasa ne. Wasu ma rina su ake yi rawaya ko ruwan hoda, rinin kuma yana tare wa gansakuka haske. Irin wannan jinyarsa ɗaya da ta koɗaɗɗe, sai dai ta fi ɗaukar lokaci.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙara haske nan take, wai don ya samu abinci. Naman da ba gansakuka ba shi da kariya, haske mai ƙarfi ƙona shi zai yi. Shi ya sa za ka ga koɗaɗɗen animoni ya gudu ƙarƙashin dutse. Kada ka fito da shi. Idan yana fili, rage ƙarfin fitila zuwa kusan rabi, ko ka shimfiɗa raga ninki biyu ko uku a saman tankin daidai inda yake. Bayan haka ka riƙa ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a mako, ko ka cire ninkin raga ɗaya duk mako. Inda ake son kaiwa ga Entacmaea shi ne PAR, wato ma'aunin ƙarfin hasken da gansakuka ke amfani da shi, tsakanin 150 da 300, na sa'o'i 8 zuwa 10 a rana. Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea sun fi haka bukata. Idan kuwa dama hasken tankin ne ya yi rauni, alamarsa ita ce animoni na hawa sama yana miƙa jiki, launinsa na dusashewa a hankali cikin watanni. Shi ma maganinsa ƙarin haske ne sannu a hankali.

Kafin launi ya dawo, da baki za ka raya shi. Ba shi ƙananan daskararrun jatan landen da ake kira mysis da aka narkar da ƙanƙararsu aka ɗauraye, ko ɗanyen jatan lande ko naman kifin teku da aka yanka bai wuce milimita 5 ba. Kashe famfo na minti 15 zuwa 20. Da dogon hantsaki ko bututu ka ɗora abincin a kan yatsun da ke kusa da baki. Kada ka tura shi cikin bakin, za ka ji masa rauni. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Babban yanka illa ne: marar lafiya ba ya iya narkar da shi, sai ya ruɓe a ciki ko ya amayar da shi bayan sa'o'i a dunƙule cikin yauƙi, ya yi asarar ƙarfin da ba shi da shi. Idan ya amayar, dakata kwana uku, sannan ka gwada abin da ya fi ƙanƙanta. Idan bakinsa a hangame yake kuma ba ya riƙe komai, bar ciyarwa gaba ɗaya har sai bakin ya tsuke.

Kifi da jatan landen tanki za su yi ƙoƙarin ƙwace abincin, har su cusa kai cikin bakinsa. Ciyar da su tukuna a ɗaya gefen, sannan ka kife wa animonin kwandon roba mai huji ko gorar roba da aka yanke gindinta har ya haɗiye.

Alamar nasara ba ta da kyan gani: ɗigo-ɗigo ko dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa a kan yatsu da faifan baki. Gansakukan da suka saura ne ke hayayyafa. Yakan ɗauki makonni kafin a fara gani, watanni kafin launi ya cika.

Igiyar ruwa, yawo da rauni

Animoni na yawo ne idan wurin bai yi masa ba. Yana son ruwan da zai riƙa kaɗa yatsunsa a hankali ta ɓangarori daban-daban. Famfon da ke feso masa kai tsaye zai hana shi buɗewa. Kowane nau'i kuma da mazauninsa: Entacmaea na cusa ƙafa cikin ramin dutse, Macrodactyla doreensis da Stichodactyla haddoni na binne ƙafa a yashi mai zurfin santimita 8 zuwa 10, magnifica kuwa saman dutse mai santsi yake so, inda haske da igiyar ruwa suka fi ƙarfi. Wanda aka hana irin mazauninsa ba zai zauna ba.

Tun daga ranar da ka ga ya fara tafiya, rufe bakin kowane famfo da magudanar ruwa da soso ko raga, hita ma a sa mata kariya. Famfo marar kariya na niƙe animoni cikin daƙiƙoƙi, ya watsa namansa da dafinsa a tankin. Idan hakan ta faru, kashe famfon, kada ka ja shi. Kwance murfin famfon ka ajiye a ƙasan tanki tare da shi, ka ba shi sa'o'i ya zare kansa. Sauya kashi 25 cikin 100 na ruwa, sa gawayi. Idan baki da ƙafa sun tsira, sau da yawa yakan warke, yatsu kuma su sake tsirowa.

Yagewar ƙafa ta fi yankewar yatsu haɗari, kuma galibi hannun mutum ne ke jawo ta. Kada a taɓa fizgar animoni daga dutse. Idan dole ne a matsar da shi, a ɗauke shi da dutsensa. Idan a jikin gilashi yake, sa safar hannu ka riƙa murza gefen ƙafar da tafin yatsa a hankali har ta fara saki, ko ka goga ƙanƙara a cikin leda ta wajen gilashin daidai ƙafar. Safar hannu ba ado ba ce: harbin nau'in Stichodactyla yana da zafi, danƙonsa kuma yana sa yatsun dabbar su tsinke a jikin fata.

Wanda ƙafarsa ta saki gaba ɗaya, sa shi a kwandon roba mai huji a cikin tankin, tare da ɗan dutse, a inda ruwa ke ratsawa a hankali. Idan ya kama dutsen cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai fata.

A duba maƙwabta ma. Kifin kilawun, ƙaramin kifi mai ratsi da ke zama cikin yatsun animoni, yana iya gajiyar da marar lafiya da yawan birgima, musamman idan animonin ƙarami ne. Raba su har ya murmure. Kifayen malam-buɗe-littafi, manyan kifayen anjel da wasu ƙaguwa suna cin namansa. Leƙa tankin da tocila bayan an kashe fitila, da dare ake kama mai laifi. Murjani masu harbi ko masu sakin sinadari da ke kusa da shi a matsar da su.

Wani lokaci Entacmaea kan tsage gida biyu bayan wahala. Ba mutuwa ba ce. Kada ka ciyar da rabe-raben sai bakin kowanne ya haɗe, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Idan ƙwayoyin cuta ne

Wannan ya fi kama sababbin da aka yi doguwar tafiya da su, musamman magnifica da gigantea. Alamarsa ita ce sacewa da kumbura a kai a kai cikin kwanakin farko, baki a saki, jiki ba ƙarfi, wani lokaci baƙin abu ko ƙasa-ƙasa na fita ta baki, alhali ruwa da haske duk daidai suke. A nan jira yana kashewa.

Haɗa tankin jinya na lita 38 zuwa 40: ba yashi, ba dutsen tanki, sai hita mai kariya, ƙaramin famfo da aka rufe da raga ko aka raba shi da animonin da shinge, fitila matsakaiciya, da kofin tangaran ko guntun bututun PVC da zai manne wa. Kada a sa gawayi ko fitilar UV ta kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, suna cire maganin.

Maganin da masu kiwo suka saba amfani da shi shi ne ciprofloxacin, miligiram 250 a lita 38. Tsarin kullum shi ne: da yamma a zuƙe ƙazantar da ya fitar, a sauya ruwan gaba ɗaya da sabo mai gishiri da zafi iri ɗaya, a narkar da ƙwayar a ɗan ruwa a zuba bayan an kashe fitila, domin haske na lalata maganin. A yi haka kwana 7 a jere ko da ya nuna sauƙi a rana ta uku. Yanke magani a tsakiya na barin ƙwayoyin da suka fi taurin kai. Ba a ciyar da shi a wannan mako. Bayan an gama, a bar shi wasu kwanaki 7 a ruwa marar magani ana lura. Idan bai ƙara sacewa ba, bakinsa ya tsuke, ya karɓi ɗan abinci, sai a mayar da shi.

Wannan tsari gogewar masu kiwo ce, kuma maganin na kashe ƙwayoyin cuta ne wanda a ƙasashe da yawa sai da takardar likita ake samunsa. Ka nemi likitan dabbobi, ka tambaye shi har yadda za ka zubar da ruwan jinyar. Kada ka zuba shi a babban tanki, domin zai taɓa bakteriyar da ke tace amoniya. Kada kuma ka ba koɗaɗɗen animoni wannan magani don kawai ya yi fari. Koɗewa ba cutar bakteriya ba ce. Tsoma animoni a ruwan daɗi ko a ruwan wankin murjani mai aidin ƙara masa ciwo ne.

Gane mutuwa da abin yi bayanta

Mataccen animoni na narkewa da sauri, kuma babba guda na iya tayar da amoniyar da za ta kashe kifin ƙaramin tanki cikin dare ɗaya. Don haka wanda ya saki dutse, baki a buɗe, ba ya motsi, ka gwada shi ta hanya biyu. Fesa masa ruwa a hankali da bututu: mai rai zai ɗan motse, matacce kuwa namansa zai tashi guntu-guntu. Sannan ka ɗebo shi a kofi tare da ruwa ka sansana. Mai rai ƙarnin teku kawai yake yi. Matacce ɗoyinsa ba ya ɓuya.

Idan ya tabbata, kashe famfo kafin ka taɓa shi. Kada ka sa raga, zai tarwatse ta cikinta. Tura shi cikin kofi ko leda a ƙarƙashin ruwa, ka zuƙe ragowar da tiyo, ka goge wurin da ƙafar take. Sauya kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, sa sabon gawayi, saita sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwa ta hanyar kumfa, ta riƙa fitar da kumfa mai ruwa-ruwa, ka ƙara iska a tankin. Gwada amoniya safe da yamma na kwana uku, ka sake sauya ruwa duk lokacin da ta nuna sama da sifiri. Kada a kawo wani animoni sai an gano abin da ya kashe na farko an gyara shi, kuma gwaje-gwajen ruwa sun tsaya wuri ɗaya na aƙalla wata biyu.